Ƙunshin da Aka Ɗaura Mini a Lome

Kiran sallar La'asar ne ya fara gaya mini akwai matsala. Ina zaune a kan tabarma a tsakar gidan Gwaggo Zali, a Zangon Lome, ƙafafuwana da hannayena duk a cikin leda an ɗaure da tsumma, lalle yana ɗumi a tsakanin yatsuna, sai ladanin masallacin bayan gidan ya ɗaga murya. Na san takardar da ke cikin jakata ta ce ƙarfe huɗu kowa ya kasance cikin jirgin ruwa. Na kuma san da safe sai da mota ta yi fiye da awa guda kafin ta kawo ni nan daga bakin teku. Amma mata sun kai goma sha biyar a zagaye da ni, kowacce idonta a bakina, sai na ci gaba da murmushi.

Sumayya da Asma'u, 'yan'uwana, ku nake rubuta wa wannan. A gida an gaya muku cunkoson motoci ne ya sa jirgi ya bar ni. Sitti ce ta fara faɗin haka don ta rufa mini asiri, Umma ta ɗauka, har Baba ma haka yake gaya wa abokansa a gona. An yi cunkoso, ba ƙarya ba ne. Amma ba shi ya bar ni a Lome ba. Har yanzu idan babbar mota ta yi hon a titin Aƙiƙ, nan Madina, sai abin da ke hannuna ya faɗi, kuma ina jin ba zan daina ba sai na faɗi yadda aka yi.

Kun san Sitti Ummu Faisal, mai gonar dabinon da Baba yake aiki a unguwarmu ta Awali tun kafin a haife ni. Abin da ƙila ba ku sani ba, kakanta a ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya zo aikin Hajji bai koma ba. Ita 'yar ƙasa ce, Larabci take yi da kowa, Hausarta ba ta fitowa sai in ranta ya ɓaci ko gwiwa ta motsa mata. Da na gama sakandare aka mayar da iƙamata, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin sunanta, na koma gidanta ina yi mata allurar ciwon suga, ina karanta mata saƙonnin waya, ina tura kujerarta in za mu Harami. Da ɗanta Faisal ya shirya mata tafiyar jirgin ruwa, daga Jidda a zagaye Afirka kaf a dawo ta Masar, kusan wata biyu, ta ce ba inda za ta sai da ni. Wai kakanta ya ratsa ƙasar a ƙafa shekara bakwai, ita kuwa za ta zagaye ta tana kwance.

Ni da ku a Madina aka haife mu, amma fasfonmu na Nijar ne, ƙasar da ba mu taɓa takawa ba. Kwana biyu kafin tafiya na shiga wani shago kusa da Harami na sayi rigar fasfo ta fata, ruwan ƙasa, mai zanen bishiyar dabino, na sa wa nawa don kada a ga koren da sunan Nijar a jikinsa. Ranar da muka hau jirgi ma'aikata suka karɓe fasfon kowa suka ajiye, suka ba mu kati mai hoto wanda ake fita da shi a shiga da shi. Na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. A teburin cin abinci wata mata 'yar Riyad ta tambayi Sitti ko ni jikarta ce, Sitti ta ce 'yarta ce, irin yadda tsofaffi ke faɗa. Ni kuwa na riƙe kalmar nan kamar an ba ni takarda da hatimi. Muka tsaya Mombasa, muka tsaya Zanzibar inda ƙamshin kanumfari ya kama abayata har mako guda, muka zagaya ta can ƙasa inda sanyi yake, wurin dutsen nan mai shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai, teku ya yi ta jijjiga mu Sitti tana amai tana zagin Faisal da Hausa. Duk tsawon hanyar nan ba wanda ya ji na yi Hausa ko sau ɗaya, sai in mun rufe ƙofar ɗaki.

A ƙasan akwatina akwai saƙon Baba. Gwaggo Zali yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, aure ya kai ta Lome, rabonsu da juna ya fi shekara talatin. Da ya ji jirgin zai yini a garin, ya zo gidan Sitti a Aƙiƙ da kwalin dabinon da ya zaɓa da hannunsa, da farin yadi a naɗe. Likkafani ne. Ita ta roƙe shi tun da daɗewa, shi kuma ya hau mota zuwa Makka ya tsoma shi a zamzam, ya shanya a inuwa. Ya ce in sa mata a hannu, in durƙusa in gaishe ta. Har ya kai ƙofa ya juyo.

"Nusaiba, kada ki zauna. Mutanenmu ba sa sakin baƙo. Ki sha ruwa ki miƙe."

Da safen da muka isa Lome Sitti ba ta fita ba, gwiwa ta hana ta. Ta ce in je, amma in dawo kafin La'asar saboda allurar yamma. Na hau motar haya daga bakin tashar jiragen, na nuna wa direba sunan unguwar a waya.

Ban taɓa ganin an karɓi mutum kamar yadda aka karɓe ni ba. Gwaggo ta rungume ni tana kuka tana cewa goshin Baba ne a fuskata. Ta buɗe yadin, ta kifa fuskarta a ciki, ta daɗe ba ta ɗago ba. Kafin in gama shan ruwa labari ya zaga unguwa cewa 'yar Madina ta sauka. Mata suka yi ta shigowa, wata da jariri a ce in tofa masa, wata ta kama hannuna ta shafa a fuskarta, wata tana tambaya wai gaskiya ne daga ƙofar gidanmu ana hango koren ƙubba. Aka raba dabinon Baba ɗaya-ɗaya, wasu ma ba su ci ba, ƙullewa suka yi a bakin mayafi. Ni da nake wanke wa tsohuwa ƙafa, yau ni ce a tsakiyar tabarma. Abin ya hau mini kai. Na fara amsa musu da Larabci, in na yi Hausa sai in karya ta da gangan, in tsaya kamar ina laluben kalma, su kuwa su yi ta dariya suna taya ni. Gwaggo ta tambaye ni ko an ba mu takardar ƙasa. Na ce Baba dai ba a ba shi ba tukuna, amma ni Sitti ta mai da ni 'yarta, ta sa an ba ni. Wata maƙwabciya mai suna Ladi, mai sayar da tuwo, ta ce to wannan jirgi ba zai tafi ya bar ni ba? Na ce jirgin ba ya motsi sai Sitti ta ce. Wallahi haka na faɗa. Kuma wani ɓangare na zuciyata ya yarda, domin a gidan Sitti direba yakan yi awa biyu a ƙofa yana jira ba ya ko tari, kuma a garinmu ba abin da ke tashi sai an idar da salla. Ban taɓa ganin abin hawa da ya bar Sitti da abin da take so a baya ba.

Bayan Azahar na ce zan tafi. Gwaggo ta dubi ƙafafuwana ta ce 'yar ƙaninta ba za ta fita gidanta da farar ƙafa ba kamar wadda ta zo ta'aziyya. An riga an kwaɓa lalle. Na ce lokaci, sai Ladi ta tafa hannu.

"A'a, 'yar Madina, ba ke kika ce jirgin naku ne ba? Zauna, ya jira."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na miƙa ƙafa. Na ce wa raina awa ɗaya ce.

To, ga inda laifin yake. Da ladan ya kira La'asar, da na ce a kwance ni yanzu, da na ruga, da na samu jirgin. Na yi lissafin nan sau ba adadi, da na same shi. Amma in na ce haka, na ƙaryata kaina ke nan a gaban Ladi. Sai na zauna aka kwance ƙunshin a hankali, aka wanke, aka shafa mai, ana yaba yadda ya kama ja wur. Aka yi salla. Bayan salla suka ce in yi musu addu'a irin ta Masallacin Annabi, na ɗaga jajayen hannayena ina yi suna amin. Sai da aka shafa na ɗauko waya daga jaka. Huɗu saura kwata. Kiran Sitti a jere har ya cika fuskar wayar, da wata lamba da ban sani ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Hausar Baba ce ta fito, ta Damagaram, ba gargada ko ɗaya.

"Gwaggo, na shiga uku, jirgin nan tafiya zai yi ya bar ni. Don Allah ki taimake ni."

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ashe bakin ya warke," in ji ta. Ta ɗauki mayafinta.

Maƙwabcinta Malam Idi, wani dattijo mai tsohuwar mota, shi ya ɗauke mu. Nan ne cunkoson da aka ba ku labari ya shigo. Manyan motocin kaya sun yi layi zuwa tashar jirage, babura suna ratsawa kamar ƙudaje, Malam Idi yana salati yana hon. Na yi ta kiran Sitti ba ya shiga. Biyar ta wuce muka isa. Ban ma kai ƙofa ba na hango jirgin ta saman katanga, fari, ya riga ya fita bakin tashar, bai fi tafin hannuna girma ba. Sai ya yi kukan nan nasa mai tsawo. Na zauna a ƙasa a bakin titi da abayata.

Ku gane abin da ke cikin jirgin nan. Fasfona yana ciki, kuma takardar fita da dawowa da Faisal ya yi mini kwanakinta a ƙirge suke daidai da tafiyar. In kwanakin suka ƙare ina waje, ba ni da hanyar komawa Madina, haihuwata a can ba za ta buɗe mini ƙofa ba. Abin da nake gani a idona shi ne Umma tana girki a ɗakinmu na Awali, ni kuma ba zan sake shiga ɗakin ba. A hannuna ba komai sai katin jirgi da waya mai shirin mutuwa.

Gwaggo ba ta tsaya lallashina ba. Albasa take fatauci tsakanin Lome da Gana shekara da shekaru, ba ƙofar da ba ta san yadda ake ƙwanƙwasa ta ba. Ta ja masu gadi da Faransancin kasuwa da yaren garin har ɗayansu ya gaji ya raka mu wani ƙaramin ofis, na wakilin jirgin. Wani mutum mai gilashi yana zaune, da ambulan a rufe a gabansa, sunana a jiki. Ashe haka suke yi, in fasinja bai dawo ba sai su sauko da fasfonsa su bar wa wakili, su yi gaba. Gwaggo tana fassara mini. Ya ce gobe da safe jirgin zai tsaya Tema a Gana, ya tashi da yamma, kuma ta mota bai fi awa huɗu ba. Sannan ya tambayi 'yar wace ƙasa ce.

"'Yar Saudiyya ce," in ji Gwaggo. Duk da haushina da take ji, sai da ta ɗaga kai da ta faɗa.

Mutumin ya cire gilashi ya murza ido. Ya ce to akwai aiki. Mai wannan fasfo sai da biza zai shiga Gana, ofishin ya tashi, gobe kuma ba aiki. Sai dai a nemi jirgin sama zuwa wata tashar can gaba, ita ma sai an duba ko za su bar ni in shiga. Yana magana yana juya ambulan ɗin a hannunsa bai buɗe ba. Na dubi jajayen yatsuna. Sau ɗaya na riga na yi shiru a ranar nan, na ga inda ya kai ni.

"Gwaggo, ki ce masa ya buɗe."

Ya yage bakin ambulan, ya zaro fasfon cikin rigarsa mai bishiyar dabino, ya buɗe shafin farko. Ya dube ni, ya sake duban shafin. Sai ya zare rigar fatar ya ajiye gefe, koren na Nijar ya fito fili a kan tebur, da katin allurar shawara a tsakiya. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya faɗi wata magana. Gwaggo ta fassara ba tare da ta dube ni ba. Wai da wannan ai ba na bukatar bizar kowa, da ƙafata zan taka in shiga Gana kamar kowace 'yar Afirka ta Yamma.

Ya haɗa ni da jirgin ta wayar ofis. Tun da nake da Sitti ban taɓa jin ta yi Hausa daga farkon magana har ƙarshe ba sai ranar. Ta ce likitar jirgi ta yi mata allurar, hannunta kamar na masassaƙi. Ta ce matar nan 'yar Riyad ta zo tana tambaya ina jikarta. Sannan ta ce in gobe ban zo ba, ba ta san da wane baki za ta kira ubana ba. Wakilin ya gargaɗe mu cewa hawa ba a hannunsa yake ba, zai aika da saƙo, amma sai shugaban jirgin ya yarda a karɓe ni. Na ɗauki fasfona. Rigar fatar na bar ta a kan teburinsa, ya ɗaga mini ita, na girgiza kai.

A hanyar komawa Zango, ana kiran Magariba, Gwaggo ta yi magana tana kallon titi. Ta tambaye ni ko aiki nake yi wa Sitti, na ce e. Ta ce ko tana dukana, na ce a'a. Ta ce ko inda take cin abinci nan nake ci, na ce e, kwano ɗaya ma wani lokaci.

"To mene ne abin ɓoyewa? Ni da kaina na yi dakon albasa na aurar da 'ya'ya biyar. Ubanki dabinon mutane yake hawa. A cikinmu wa kike jin kunya, ni ko shi?"

Malam Idi ya ƙara muryar rediyo, Allah ya saka masa. A gida Ladi ta leƙo tana shirin tsiya, Gwaggo ta ce mata yarinya ta gaji, gobe za mu yi sammako. Ba ta gaya wa kowa komai ba. Da ta yi mini terere a gaban matan nan da ya fi mini sauƙi.

Muna idar da Asuba muka kama hanya. Iyakar Gana, ta Aflao, a bakin garin take, da ƙafa ake ratsa ta, cikin masu kaya a ka da masu tura baro. Kowa ya san Gwaggo, wannan ya kira ta Hajiya, wancan ya tambaye ta albasa. Na miƙa koren fasfon. Jami'in ya buɗe, ya dubi wurin haihuwa, ya ce Madina, ya ɗaga gira, ya buga hatimi ya miƙo mini. Shi ke nan. Abin da na yi wata guda ina ɓoyewa a cikin fata, ko minti biyu bai tsayar da ni ba. Muka shiga motar Tema, ni a tsakiya, Gwaggo a gefen taga. Sau uku aka tsayar da mu a hanya, sau uku na fito da shi tsirara. Na kasa cin ƙosan da ta saya mini. Duk inda teku ya bayyana ta hagu sai in miƙe wuya, Gwaggo ta ce in zauna, jirgi ba akuya ba ne da zai ɓuya a bayan bukka.

Rana ta take muka isa ƙofar tashar Tema. Jirgin yana nan, ya fi duk gine-ginen wurin tsawo, mutane a samansa ƙanana suna yawo abinsu. Masu gadi suka ce ba mai shiga sai an sauko daga jirgi an shaida shi. Muka tsaya a inuwar katanga. Wata ma'aikaciya mai fararen kaya ta zo da takarda, ta karɓi fasfona da katina, ta ce in jira, ta koma. Ban san tsawon jiran nan ba. Na san dai na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Gwaggo ta zauna a kan wani dutse ta kama ƙafata ta ɗora a cinyarta, tana duba ƙunshin kamar ba abin da ya kawo mu sai shi. Ta ce ya kama da kyau, na farce sai ya yi wata shida bai fita ba. Gaskiyarta. Yau da nake rubutun nan rabin farcen babban yatsana ja ne, kullum in na zo alwala sai na gan shi.

Ana kiran Azahar a wani masallaci can nesa matar ta dawo. Ta riƙe fasfon ba ta ba ni ba, ta miƙo mini katin, ta yi magana a hankali don in gane. Ta ce shugaban jirgi ya yarda, sunana ya koma cikin jerin, ba abin da zai same ni, kakata tana sama tana jirana.

Na ce mata ba kakata ba ce, uwar ɗakina ce, aiki nake yi mata. Na nuna Gwaggo na ce wannan ce 'yar'uwar ubana. Matar ta gyaɗa kai kawai, ba ruwanta, ta duba agogo.

Na durƙusa a gaban Gwaggo a kan kwalta mai zafi, gwiwa biyu, yadda Baba ya ce in yi tun jiya ban yi ba. Ta ɗora hannu a kaina.

"Ki ce masa saƙo ya iso, zan shiga kabari da shi. Ki ce kuma na ga 'yarsa, ta yau, ba ta jiya ba. Tashi, kada ya sake barinki."